Cinikin Bidi a Maƙogwaro

Abin da Kwanye ta rasa a yammacin nan ba ɓoyayye ba ne. Ta rasa Bidi, ingarman da mijinta ya mutu ya bar mata, da sirdinsa da linzaminsa. Ta rasa jin kunnenta na hagu. Abin da ta samu kuwa, madubin hangen nesa ne na wata Baturiya, mai tsaga a ido ɗaya, sai kuma suna a kasuwar Mogode, don har yau in ta tsaya gaban mai kaya ba ya ja da ita da nisa. Wasu na cewa ta yi asara. Masu faɗin haka ba su taɓa bin kwarin Maƙogwaro da almuru ba.

Lokacin nan Turawa na hawowa Rumsiki da rani, kafin hanyoyi su lalace su daina zuwa. Ba kasuwa ke kawo su ba, ba dangi ba. Zuwa suke yi su hau doki su ratsa tsakanin duwatsu, su kalli gwaggon biri da rema da mikiya, su kwana a ƙauye a kan tabarma, su kuma biya suna murna. Zra, mijin Kwanye, da wannan aikin ya ci ya sha har zazzaɓi ya ɗauke shi. Maƙera, waɗanda su ne masu ɗaukar gawa a ƙasar, na gama binne shi ƙanensa Teri ya zo ya zauna a ƙofar gida, ya ce doki ba aikin mace ba ne, kuma macen da ta rasa miji gara ta koma hannun danginsa, ita da abin da ke turke. Kwanye ta ba shi ruwa ya sha, ta tambayi lafiyar iyalinsa, ta nuna masa hanya. Washegari ta ɗauki ragama da hannunta.

Karatu dai ba ta yi ba, sunanta ma da kyar take zana shi. Amma ta iya Faransancin da zai ishe ta ta yanke wa baƙo farashi, ta ce masa ya sassauta linzami, ta ce masa ya yi shiru ga dabba can. Ita ba ta hawa. A ƙasa take tafiya, zani a ɗaure, ragama a hannu, kuma ba baƙon da ya taɓa jin ta ce ta gaji.

Dawakin biyu ne. Akwai Kili, farin tsoho mai sanyin hali, wanda ko makaho aka ɗora masa zai kai shi gida. Akwai kuma Bidi. Bidi kam ba a faɗa. Ƙirji kamar ƙofar rumbu, ƙafa kamar ta akuya a kan dutse, ga geza har wuya. Dillalai sun zo daga Marwa domin sa. Mai otal ɗin da baƙi ke sauka ya taya shi ba sau ɗaya ba. Kwanye sai ta bar mutum ya yi ta ƙari har gumi ya keto masa, sannan ta ce albarka, ta koma ta zuba wa dokinta harawa. Ta san muddin Bidi na turkenta, ba mai ce mata ta tashi ta koma gidan wani.

Baƙin wannan tafiyar mata da miji ne, Madam Odil da Misye Bernar. Odil siririya ce mai furfura, kullum madubin hangen nesa na rataye a wuyanta, kuma abu ɗaya take ta roƙo tun da suka fito: damisa. Bernar kuwa ƙato ne mai fara'a, shi ya sa aka ba shi Bidi, don Kili ba zai ɗauke shi ba. Da azahar suka sauka ƙauyen su Teri, can bayan duwatsu. Tsofaffi suka miƙa wa Bernar ƙwaryar burkutu, ya sha don kar ya ba su kunya, ya ƙara don ta yi masa daɗi. Kafin la'asar cikinsa ya juya, ba ya ko iya miƙewa. Aka nemo ɗan acaɓa, aka ɗaure shi da zani a bayan yaron mutane, aka bi doguwar hanyar mota da shi zuwa Rumsiki. Odil ta ce ita a kan doki za ta koma, kuma ta Maƙogwaro, tunda an gaya mata can damisa take.

Shi ke nan Bidi ya zama ba mahayi.

Teri na zaune gindin ɗorawa da mazan ƙauye lokacin da Kwanye ke ɗaure majayin Kili.

"Matar yaya, rana fa ta juya. Ki kwana mana. Ɗakina na da faɗi."

"Na san faɗinsa," in ji ta. "Ƙofar fita ce ba shi da ita."

Maza suka yi dariya. Teri ya ce to, in ba za ta kwana ba, ta bar masa sirdin ya ajiye mata. Kwanye ba ta ko ɗago ba. Tun ranar makoki Teri ke cewa sirdin nan na ubansu ne, kuma wanda sirdi ke ɗakinsa, in an je gaban tsofaffi, ya riga ya kama rabin doki.

Ko yaro a wajen nan ya san ba a shiga Maƙogwaro da sirdi babu kowa a kai in rana ta kusa faɗuwa. Sirdin da aka ɗaure aka bar shi fayau gayyata ce. Ko dai ka kwance ka ɗauka a ka, ko ka ɗaure dutse a kai, don masu wurin, waɗanda ido ba ya gani, su ga an riga an zauna. Teri ya miƙe, ya zaɓi wani dutse mai girman ƙwarya, ya kawo mata da hannu biyu yana rusunawa kamar mai kai kayan aure.

"Ga miji na kawo miki, tunda ni ban yi miki ba. Ba ya sha, ba ya magana. Ki ɗora shi a kan Bidi."

Dariyar wannan karon ta fi ta farko. Da wani ne ya miƙo dutsen da ta karɓa. Amma daga hannun Teri, a gaban mazan nan? Ta ce masa ya ajiye abinsa ya riƙa hira da shi, sun fi dacewa. Ta ja ragama ta wuce. A ranta ta ce akwai kuka a bakin Maƙogwaro, gindinta cike da duwatsu, can za ta zaɓi nata inda ba mai kallo.

Odil na gaba a kan Kili, Kwanye na tsakiya a ƙasa, Bidi na biye da ita. Rana na da saura. Ciyawa ta bushe, tana ƙamshin zafi. Zabbin daji suka tashi daga gefen hanya, Odil ta bi su da madubi tana murmushi.

Saura kaɗan su kai kukar, sai Kili ya tsaya cak, kunnuwa a miƙe. Can sama birai suka ɗauki haushi. Kwanye ta bi inda suke kallo, ta taɓa gwiwar Odil, ta nuna da haɓa.

Ga damisa nan kwance a kan wani falalen dutse, wutsiya na lilo. Hasken yamma ya zuba a jikinta kamar an shafa mata mai.

Odil ta ɗaga madubi. Hawaye suka sauko mata ba ta share ba. Can ta cire madubin ta miƙa wa Kwanye, Kwanye ta sa ido, sai ga gashin bakin dabbar kamar ta miƙa hannu ta taɓa. Zra da kansa, duk shekarun da ya yi yana wannan aiki, sau nawa ya taɓa nuna wa baƙo damisa ido da ido? Zuciyar Kwanye ta tafi wani wuri. Labarin nan zai kai otal kafin gari ya waye. Daga yau duk Baturen da ya sauka, sunanta zai fara tambaya. Mai otal da kansa zai tako ƙofarta, kuma a tsaye za ta bar shi.

Sun daɗe a wurin. Sun daɗe fiye da yadda ya kamata.

Daga ƙarshe damisar ta ɗago kai. Ba su ta kalla ba. Bayansu ta kalla, wajen da Bidi ke tsaye. Sai ta kwantar da kunne, ta ja ciki a ƙasa, ta sulale cikin duwatsu kamar karen da aka daka wa tsawa.

Kwanye ta ga inuwa ta cinye rabin kwari. Ta ce wa Odil su yi sauri. Suka wuce kukar tana ta lissafin abin da za ta gaya wa mai otal.

Sun yi nisa cikin Maƙogwaro kafin ta tuna. Ba ma tunawa ta yi ba, kunnenta ne ya gaya mata.

Tun daga ƙauye likkafun Bidi ke lilo suna bugun ƙarfen majayi, kal, kal, kal. Ta saba da ƙarar har ta daina jin ta. Yanzu ƙarar ta ɗauke.

Likkafa ba ta yin shiru sai an sa mata ƙafa.

Fatar sirdi ta yi kuka a hankali, irin kukan da take yi in mutum na gyara zama. Takun Bidi ya sauya. Kofato na shiga yashi da nauyi. Ragama ta yi tauri a hannunta.

Birai sun yi tsit. Ko gyare ba ya kuka.

Wani wari ya zo mata ta baya. Toka mai sanyi da aka zuba wa ruwa, da tsohon ƙarfe. Kamar maƙerar da aka daɗe da rufewa.

Ba ta waiga ba. Ta kafa ido a bayan Odil, wadda ke wata 'yar waƙa ta ƙasarsu a ƙasa-ƙasa, ba ta san komai ba.

"Sannu da hanya, mai doki."

Muryar tsoho ce, mai ladabi, daidai kunnenta na hagu. Yarensu yake yi, amma irin na da, irin wanda ta ji a bakin kakarta.

"Yawwa, sannu," ta ce.

Mahayin ya yi mata godiya. Ya ce an daɗe ba a shimfiɗa masa wurin zama ba, mutanen yanzu sai dai su wuce da dutse kamar ba su san da kowa ba. Ya ce dokin na da taushin tafiya.

"Na sayarwa ne?"

Kwanye ta ci gaba da taku tana lissafi. In ta ce a'a, ai yana kai, kuma wanda aka hana abin da yake zaune a kansa, ƙwacewa yake yi. In ta yanka farashi, ko nawa ne zai biya, ya juya da dokin. Abu ɗaya ya rage mata, shi ne abin da ta fi kowa iyawa. Muddin ana ciniki ba a sallama ba, mai saye ba ya tafiya da kaya, ba ya kuma taɓa mai kaya. Wannan ko a kasuwar wa ne haka yake. In ta ja cinikin har suka fita tsakanin manyan duwatsun nan biyu da suka jingina da juna a bakin kwari, to an fita ƙasarsa.

"Taya," in ji ta.

Ya yi wata 'yar dariya, kamar ya ji daɗi. Ya taya da sandunan ƙarfe irin na kakanni, ya ce akwai rami cike da su, ba a taɓa ba tun kafin a haifi kakanta. Ta ce albarka, ta ce yau ba mai karɓar ƙarfe ko a wurin mai ƙosai. Ta shiga yabon dokinta, baki bai tsaya ba. Ta yabi haƙori, ta yabi ƙirji, ta ce bai taɓa tutsu da baƙo ba, ta ce ko a kan santsi ba ya zamewa. Tana yabo tana tafiya.

Mahayin ya ce haka ne, sai dai ƙafar baya ta hagu na ɗan ja in an yi sanyi. Ya ce akwai kuma tabo a ƙarƙashin geza, inda waya ta yanke shi yana ɗan ƙarami.

Ba wanda ya san tabon nan sai ita da Zra.

Ya taya da rumbun da ba ya ƙarewa. Ta ce albarka, ita kaɗai ce a gida, dawa za ta ruɓe mata. Ya taya da shanu. Ta ce wa zai yi mata kiwo? Ya taya da rijiya a tsakar gidanta, mai ruwa rani da damina. Wannan kam ta ɗan yi jim, don ta san nisan rafi, sannan ta ce albarka.

Ga duwatsun nan biyu tana hango su. Tun ɗazu take hango su. Ƙafafunta na tafiya, gumi na bin bayanta, amma girmansu bai ƙaru ba.

Sama ta koma kalar toka. Bidi na huci a ƙeyarta, numfashinsa da zafi, kumfa na ɗiga a hannunta. Bernar da duk ƙibarsa bai sa shi kumfa ba.

Sai aka yi tari a bayanta.

Tari biyu gajeru, da gyaran murya a ƙarshe. Shekara da shekaru ta kwana tana jin tarin nan.

Ta yi tuntuɓe. Da ba don ragama ba da ta faɗi.

Mahayin ya ce, a hankali, wannan fa ba kowa yake taya wa da shi ba. Kullum in rana ta faɗi za ta same shi zaune a ƙofar ɗaki, kamar da. Zai tambaye ta hanya, zai yi mata faɗa a kan majayi. Ba mai ƙara kawo mata dutse a gaban maza.

"Kwanye," aka ce. Muryar Zra ce, ba ko tantama. "Kin bar dokin nan da ƙishi."

Wuyanta ya fara juyawa da kansa. Ta ciji leɓe har ta ji gishirin jini.

Ta tambaya, in ta zuba masa tuwo, zai ci? Shiru. Ta tambaya, in ta taɓa shi, da ɗumi? Shiru.

"Albarka," ta ce. "Nawa na gani a kafaɗar maƙera. Wannan naka ne."

Tarin ya ɗauke. Warin toka ya ƙaru har ya shiga mata maƙoshi.

Da mahayin ya sake magana, ladabin na nan, amma dariyar ta tafi. Ya ce ya gane. Jan sa take yi zuwa bakin kwari kamar akuya. Ya ce ba laifi, ya sha ganin masu wayo, kuma ba zai taɓa ta ba, tunda suna ciniki.

"Amma farin can na gaba, igiyarsa na hannun wa?"

Kwanye ta ɗago ido.

Odil ta daina waƙa. Tun yaushe, ba ta sani ba. Kanta ya sunkuya, hannayenta sun sauka gefe. Linzami ya zube a wuyan Kili.

"Madam," Kwanye ta kira. "Madam, kama linzami."

Odil na magana ƙasa-ƙasa da yarensu, tana murmushi, kamar mai hira da wani da ta daɗe ba ta gani ba.

Mahayin ya ce dokin da igiyarsa ba ta hannun kowa, a wurin nan tsintuwa ne. Ba a cinikin tsintuwa. Da shi da abin da ke kansa.

Kili ya tsaya. Jikinsa na ɓari. Ya fara juya kai hagu, wajen wata tsaga a jikin dutse, baƙa ƙirin, wadda Kwanye ba ta taɓa gani ba duk wucewar da take yi.

Tsakaninta da Kili bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ta miƙa hannu. Ragamar Bidi ta riƙe ta kamar an ɗaure a turke. In ta saki, Bidi ma ya zama tsintuwa, da ita da ke gabansa. In ta riƙe, ba za ta kai ba.

Kili ya ɗaga ƙafa ɗaya.

Iska mai sanyi na fitowa daga tsagar. Furfurar Odil na kaɗawa zuwa ciki, ba waje ba.

Matar nan ta ba ta amanar ranta a kan doki. Ɗazu ta cire madubi daga wuyanta ta miƙa mata, kamar 'yar'uwa.

"Tsaya," in ji Kwanye. "Zan yanka."

Komai ya tsaya. Har ƙafar Kili, a sama.

Ta ce kuɗin Bidi hanya ce. Ita, da baƙuwarta, da Kili, su kai gida da ransu da hankalinsu. Sannan ta ɗora wani abu a kai, don ko a bakin kabari Kwanye ba ta taɓa faɗin farashi babu ɗori ba. Mahayin ya cire ɗorin. Ta mayar da rabi. Ya cire. Ta buɗe baki za ta ce albarka, don bakin ya saba.

Ƙafar Kili ta sauka cikin inuwar tsagar. Odil ta karkata.

"Na sallama."

Sai abu ɗaya ya rage, kuma shi ya fi wuya. Ba a sayar da doki da igiyar mai shi. In igiya ta bi doki, doki zai biyo igiya gida, da duk wanda ke kansa. Dole ta kwance ragamarta. Dole ta juya.

Ta juya kai a ƙasa. Ta laluba hancin Bidi, jiƙe da kumfa. Yatsunta suka ƙi kama ƙulli. Bidi ya goga mata goshi a kafaɗa, yadda yake yi in ta kawo dusa.

Ba ta yi niyyar gani ba. Idon ne ya zame.

Ƙafa ce a cikin likkafa, ba takalmi. Doguwa, kalar toka, fata a tsattsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Yatsun sun naɗe ƙarfen likkafar sun riƙe, yadda hannu ke riƙewa.

Ƙullin ya kwance.

Wani abu ya sunkuyo. Sanyi ya taɓa kunnenta na hagu.

"Allah ya sa albarka, mai doki."

Shi ne abu na ƙarshe da kunnen nan ya ji.

Ta yi tsalle ta cafki linzamin Kili, ta fizgo kansa, ta tallafi Odil da kafaɗa. Ta ja. Duwatsun nan biyu da suka ƙi matsowa, sai ga su a kanta. Suka fita. Gyare ya ɗauki kuka ta gefe ɗaya. Can ƙasa ga wutar gidajen Rumsiki, ga warin hayaƙi da na miyar kuka.

A bayanta ta ji takun kofato na komawa ciki, ba gaggawa. Bidi bai ko yi haniniya ba.

A ƙofar gida Odil ta zamo daga kan Kili ta faɗi, madubinta ya bugi dutse. Ta farka tana tambaya wai ina 'yarta, ai yanzu suke magana. Daga baya Bernar ya gaya wa mai otal cewa 'yar ta daɗe da rasuwa. Odil ba ta ƙara hawa doki ba har suka tafi. Ranar tafiya ta zo gidan Kwanye, ta daɗe tana kallon turken da ba kowa, ba ta tambayi komai ba. Ta riƙe hannunta da hannu biyu ta yi ta kuka. Kwanye ta bar ta ta gama, sannan Odil ta rataya mata madubin da ya tsage.

Baƙi sun ci gaba da zuwa na wasu shekaru, kuma sunanta suke tambaya, kamar yadda ta yi zato. Da Kili take aiki da wani dokin aro mai taurin baki. Ta doguwar hanya take bi da su, inda ba komai sai gonakin gyaɗa da awaki. In suka ce damisa, sai ta ce damisa ta ƙaura. In la'asar ta yi, ko gishiri ba ta tayawa. Makiyaya sun ce sukan hango wani bidin doki a kan tudu da almuru, ya yi ƙiba, sirdi a ɗaure, yana tafiyar dokin da ake riƙe da linzaminsa. Ba wanda ya matsa ya duba.

Teri bai zo da wuri ba. Sai ran wata kasuwar Mogode ya same ta wajen masu harawa, mutane cike. Ya tsaya ta hagunta ya yi magana, ba ta ji ba, sai da ya zagayo. Ba dariya a fuskarsa. Ya ce ya ji abin da ake faɗa, kuma da ya san haka za a yi, da ya ajiye dutsen nan a ƙasa ta ɗauka da kanta. Ta ce ai ba shi ya hana ta ba. Sannan ya ce dokin ɗan'uwansa ne, yana da hakkin ya san a nawa ya tafi. Masu harawa suka daina awo.

Kwanye ta gyara ɗaurin zaninta. Ta dube shi ido cikin ido, don kar wani ya ce ta sunkuyar da kai.

"Hanyar Maƙogwaro na nema, ni da duk wanda na ɗauko, muddin raina. Ya ƙi. Na ce to shekara ɗaya. Ya ƙi. Tafiya ɗaya ya ba ni, Teri, daga inda muke tsaye zuwa ƙofar gidana. A kan haka na sallama."